Paul Ehrlich: Likitan da ya auna garkuwar jiki da dafin zurma da idon zakara

Zurma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tana fitowa a juji da kufai da bayan katanga ba tare da kowa ya shuka ta ba, kuma duk mai bin hanyar Kuje ko Gwagwalada da damina zai gan ta da faffaɗan ganyenta a gefen titi. Haka ma idon zakara, ɗan tsiron nan mai yaɗo da ke fitar da jajayen 'ya'ya masu ɗigon baƙi. Dukansu biyu suna ɗauke da dafi mai kisa a cikin 'ya'yansu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da waɗannan 'ya'yan itatuwa ne aka fara auna ƙarfin garkuwar jiki da lissafi, kuma ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwalbar makarin mashaƙo, irin wanda aka yi amfani da shi a Kano lokacin annobar da ta ɓarke a ƙarshen 2022, ya samo asali ne daga aikin mutumin da ya yi wannan gwaji. Sunansa Paul Ehrlich.

An haife shi ranar 14 ga Maris, 1854, a garin Strehlen na yankin Silesiya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Jamusawa, yanzu kuma yana cikin ƙasar Poland. Iyayensa Yahudawa ne masu rufin asiri. Mahaifinsa yana da masauki. Wanda ya fi tasiri a kansa tun yana yaro shi ne ɗan'uwansa ta wajen uwa, Carl Weigert, wanda ya girme shi da shekara tara, ya kuma shahara wajen rina yankakkun sassan jiki domin a iya ganin su da madubin likita. A wancan zamani masana'antun Jamus suna ta fitar da sababbin launukan rini daga kwal, kuma Ehrlich ya kamu da son su tun yana ɗalibi. Ya yi karatun likita a Breslau da Strasbourg da Freiburg, ya kammala a Leipzig a 1878, kuma kundinsa na digiri a kan rini ne.

Tambayar da ta kama shi tambaya ce da kowane marini na Ƙofar Mata zai gane: me ya sa wani rini yake kama ulu ya ƙi auduga? Idan rini yana zaɓen zare, to a jikin mutum ma yana zaɓen ƙwayar halittar da zai manne wa. Daga nan ya ɗauki ra'ayin da ya riƙe har ƙarshen ransa, cewa babu sinadarin da ke yin aiki a jiki sai ya sami wurin da ya kama. Duk abin da ya yi daga baya, daga dafi zuwa magani, reshe ne na wannan tunani guda.

A asibitin Charité na Barlin, inda ya fara aiki a 1878, ya yi dace da maigida, Farfesa Frerichs, wanda ya bar shi ya yi bincikensa yadda yake so. A nan ya rarrabe fararen ƙwayoyin jini gwargwadon rinin da kowace iri take kamawa, kuma sunayen da ake gani yau a takardar sakamakon gwajin jini a asibiti daga wannan rabe-raben suka fito. Da Robert Koch ya sanar da gano ƙwayar cutar tarin fuka a Maris 1882, Ehrlich yana cikin masu sauraro, kuma ba da daɗewa ba ya kyautata hanyar rina ƙwayar yadda kowane likita zai iya ganinta a majinar maras lafiya. A 1883 ya auri Hedwig Pinkus, 'yar wani mai masaƙa, suka haifi 'ya'ya mata biyu.

Sai al'amura suka juya. Frerichs ya mutu a 1885, wanda ya gaje shi kuma yana son likita a gefen gadon maras lafiya ne, ba a ɗakin gwaji ba. A 1888 Ehrlich ya rina majinarsa da hanyar da shi kansa ya ƙirƙiro, ya ga ƙwayar tarin fuka a ciki. Ya ajiye aiki ya tafi Masar neman busasshiyar iska. Da ya dawo Barlin a 1889 ba shi da muƙami, ba shi da albashi. Surukinsa ne ya tallafa masa ya kama ɗan wuri ya mayar da shi ɗakin gwaji. A wannan hali na zaman kashe wando, wanda da wani ne da ya karaya, ya soma aikin da wasu masana tarihin kimiyya suke ganin ya fi duk sauran ayyukansa tsafta.

Asalin abin ya zo ne daga wani wuri. A jami'ar Dorpat, wato birnin Tartu na ƙasar Istoniya a yau, wani ɗalibi mai suna Hermann Stillmark, yana aiki ƙarƙashin Rudolf Kobert, ya fitar da wani furotin daga 'ya'yan zurma a 1888, ya kira shi risin. Ya lura cewa idan aka ɗiga shi a jini, jajayen ƙwayoyin jinin sai su dunƙule wuri guda. Ba da jimawa ba wani ɗalibin na Kobert ya sami irin wannan hali a dafin idon zakara, wanda ake kira abirin. Mutanen Dorpat masana magunguna ne, abin da ya dame su shi ne yadda dafin yake kisa. Ehrlich kuwa ya ga wani abu daban: ya ga kayan awo.

Matsalar masu bincike a lokacin ita ce dafin ƙwayoyin cuta, irin na mashaƙo da na sandarewar jiki, ba ya zama a hali ɗaya. Wanda aka haɗa yau ba ƙarfinsa ɗaya da na makon jiya ba, kuma idan aka ajiye shi sai ya yi sanyi. Mutum ba zai iya auna garkuwa da abin da shi kansa ba ya tsayawa ba, kamar mai awon hatsi ne da mudun da ke ƙaruwa yana raguwa. Dafin tsiro kuwa ana samun sa da yawa, ana iya busar da shi, a auna nauyinsa, a ajiye, gobe a same shi yadda aka bar shi. Wannan shi ne karo na farko da aka ɗauki furotin irin wannan daga tsiro a matsayin sinadarin gwaji, wato ba don a yi magani da shi ba, sai don a yi masa amfani wajen tambayar jiki.

Ya riƙa ciyar da ɓeraye da ɗan kaɗan na risin a cikin abincinsu, yana ƙarawa sannu a hankali. Bayan kwanaki kamar shida garkuwa ta bayyana, ta ci gaba da hauhawa, har ɓerayen suka iya jure ninki ɗaruruwa na adadin da ke kashe 'yan'uwansu. Muhimmin abin shi ne ya iya faɗin garkuwar da lamba. Sannan ya nuna cewa ɓeran da ya ƙi risin, abirin yana kashe shi kamar kowane ɓera, haka kuma akasin haka, duk da cewa dafin biyu sun yi kama ƙwarai a yadda suke ɓarna. Ashe jiki ba ƙarfi kawai yake ƙarawa ba, makari yake ƙerawa na musamman ga kowane dafi. Ya kuma nuna cewa makarin yana cikin ruwan jini, ana iya ɗebe shi daga wannan dabba a kare wata. An buga waɗannan sakamako a 1891.

Gwajin shekarar da ta biyo baya ya fi ban sha'awa, kuma ba ya buƙatar komai sai ɓeraye da haƙuri. A lokacin ana gardama ko garkuwa gadonta ake yi. Ehrlich ya haɗa namiji mai garkuwa da mace marar garkuwa, 'ya'yan suka fito ba su da komai. Ya haɗa mace mai garkuwa da namiji marar ita, 'ya'yan suka fito da kariya, amma ta 'yan makonni. Sai ya yi musanyar uwaye: ya ɗauki jariran uwa marar garkuwa ya ba uwa mai garkuwa ta shayar, ya kai nata wurin ɗayar. Waɗanda suka sha nonon mai garkuwa suka sami kariya, waɗanda aka raba da shi tasu ta dushe da wuri. Da wannan ya tabbatar cewa uwa tana ba ɗanta aron makarin da ke jikinta, a ciki da kuma ta nono. Duk ma'aikaciyar jinya da ke yi wa mata huɗuba a kan shayarwa a asibitin sha-ka-tafi tana tsaye ne a kan tushen da waɗannan ɓeraye suka kafa a 1892.

A 1897 ya sake komawa ga risin don ya warware wata gardamar. Wasu masana suna cewa makari ba ya taɓa dafi, jikin dabbar kawai yake zaburarwa. Ehrlich ya haɗa risin da ruwan jinin dabba mai garkuwa a cikin kwalbar gwaji, sannan ya zuba jini. Ƙwayoyin ba su dunƙule ba. Babu dabba mai rai a cikin kwalba, saboda haka makarin da kansa ne ya kama dafin, kuma da gwargwadon da za a iya lissafawa. Gani ya kori ji.

Ehrlich bai san me risin yake kamawa a jikin ƙwayar jini ba, kuma bai rayu ya ji ba. A 1919 Ba'amurke James Sumner ya tace irin wannan furotin daga wani nau'in wake, a 1936 kuma shi da abokin aikinsa suka nuna cewa sukari ne yake kamawa. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da sarƙoƙin sukari iri-iri, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan furotin yana da irin wanda yake nema. Wajen ƙarshen shekarun 1940 aka gano wasunsu suna bambance rukunin jini, kuma a 1954 William Boyd ya raɗa musu suna lektin, daga kalmar Latin mai nufin zaɓe. A 1960 Peter Nowell ya gano cewa lektin ɗin jan wake yana sa fararen ƙwayoyin jini su rarrabu, abin da ya buɗe hanyar duba ƙwayoyin gado daga ɗigon jini. Yau ɗakunan bincike suna sayen lektin na gyaɗa da na waken soya da na ƙwayar alkama, da na wani tsiron dajin Afirka ta Yamma mai suna Griffonia da ake haskaka ƙananan hanyoyin jini da shi. An ma gano daga baya cewa abin da Stillmark ya fitar gauraye ne na furotin biyu, ɗaya ya fi dunƙule jini, ɗaya ya fi kisa. Risin kansa yana cikin jerin farko na yarjejeniyar duniya ta haramta makamai masu guba. Abin tsokaci shi ne yawancin tsirran nan a ƙasashe masu zafi suke girma, amma kwalaben da aka tace daga Turai da Amurka ake odarsu da dala.

Ƙwarewar da Ehrlich ya samu a kan ɓeraye ita ce ta ceci maganin mashaƙo. A ƙarshen 1890 Emil Behring da Shibasaburo Kitasato sun nuna cewa ruwan jinin dabbar da aka saba wa dafi yana kare wata, amma ƙoƙarin farko na yi wa yara magani da shi bai ba da sakamako tsayayye ba, domin ruwan ba shi da ƙarfi kuma ba wanda ya san yawan makarin da ke cikinsa. Ehrlich, wanda ya shiga cibiyar Koch a 1891, ya kawo dabarar ƙara dafi mataki-mataki har dabba ta tara makari mai yawa, ya kuma kawo awo. A 1894 kamfanin Hoechst ya fara sayar da maganin, mutuwar yara ta ragu sosai. Amma wajen rabon riba, kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Behring ya yi arziki, aka ba shi sarauta, ya karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901 shi kaɗai. Ehrlich ya tashi da kaso kaɗan, kuma zumuncinsu bai sake komawa yadda yake ba.

A nan ne wani ma'aikacin gwamnati ya shigo labarin. Friedrich Althoff jami'i ne a ma'aikatar ilimi ta Prussia daga 1882 zuwa 1907. Ba minista ba ne, amma kusan babu farfesan da aka naɗa a ƙasar ba da saninsa ba, kuma mutane da yawa sun tsane shi saboda kama-karya. Ya gane darajar Ehrlich a lokacin da jami'o'i ba sa ba Bayahuden da bai sauya addini ba babbar kujera sai da ƙyar. Tun da ƙofar jami'a a rufe take, sai ya buɗe masa wata: a 1896 aka kafa cibiyar gwamnati ta bincike da tantance ruwan jinin magani a unguwar Steglitz, aka ba Ehrlich shugabanci. Ginin ƙarami ne, kayan aiki kaɗan. A 1899 cibiyar ta koma Frankfurt da taimakon magajin garin, Franz Adickes. Da Althoff ya tsaya a kan abin da aka saba, da wataƙila Ehrlich ya ƙare yana aiki kyauta a ɗakin wani.

Aikin cibiyar irin wanda NAFDAC take yi ne a yau: kada kwalba ta shiga kasuwa sai hukuma ta tabbatar abin da aka rubuta a jikinta shi ne a cikinta. Wahalar ita ce dafin mashaƙo, wanda da shi ake gwada makarin, yana rasa ikon kisa idan ya daɗe amma bai daina cinye makari ba, saboda haka awon yakan yi ƙarya. Ehrlich ya juya lissafin. Maimakon dafi ya zama ma'auni, sai ya busar da wani ruwan makari guda, ya rufe shi a kwalabe marasa iska a wuri mai sanyi, ya mai da shi mudun da ake komawa gare shi. Da shi ake fara tantance dafin gwaji, ta hanyar neman adadin da idan aka gauraya da ma'auni ɗaya na makarin zai kashe ɓeran Masar mai nauyin giram 250 cikin kwana huɗu, sannan a gwada kayan kamfani. Ya bayyana wannan a 1897, kuma a 1922 kwamitin lafiya na Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani ya karɓi ma'auninsa a matsayin na duniya. A cikin wannan rubutu na 1897 ne ya kawo ra'ayinsa cewa ƙwayoyin halitta suna da wasu maƙalai a jikinsu da dafi ke kamawa, kuma idan an yawaita kama su sai ƙwayar ta ƙera su fiye da kima ta zubar cikin jini, su ne makari. Ra'ayin yana da kurakurai, ya kuma sha suka daga Jules Bordet da Svante Arrhenius, kuma Ehrlich ba mai jure suka ba ne. Yakan ƙara wa ra'ayin sababbin rassa duk lokacin da aka matsa shi. Amma tunanin cewa ƙwaya tana da wurin karɓa na musamman shi ne ginshiƙin ilimin magunguna a yau. A 1908 aka ba shi kyautar Nobel tare da Élie Metchnikoff.

Mutum ne mai ban mamaki a mu'amala. Yana shan sigari mai ƙarfi kusan 25 a rana, ba ya damuwa da abinci, ofishinsa cike da takardu har kan kujeru. Kowace safiya yakan rubuta wa ma'aikatansa umarni a kan 'yan katuna masu launi, ya kuma sa a kwafe su a ajiye. Wasu ƙwararru sun bar shi saboda ba ya barin mutum ya bi tunaninsa. Sakatariyarsa, Martha Marquardt, ita ta adana yawancin abin da aka sani game da halayensa.

Shekarunsa na ƙarshe ya ba da su ga neman sinadarin da zai kama ƙwayar cuta ya bar mai ita. Tun 1891 ya gwada wani shuɗin rini a kan masu zazzabin cizon sauro biyu. A 1904 shi da Kiyoshi Shiga suka sami jan rini da ke warkar da ɓeraye daga dangin ƙwayar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Wani maganin arsenik da aka gwada a kan masu ciwon barci a Afirka ta Gabas yana makantar da wasu, sai Ehrlich da Alfred Bertheim suka gano ainihin tsarinsa suka shiga sauya shi ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin da Franziska Speyer ta bayar aka gina musu gidan bincike a 1906. A 1909 Sahachiro Hata ya zo daga Japan, ya gwada mai lamba 606 a kan zomayen da aka sa wa tunjere, suka warke. An sanar a 1910, kuma kafin Hoechst ya fara sayar da shi da sunan Salvarsan, Ehrlich ya raba allurai kusan 65,000 kyauta ga likitoci da sharaɗin su turo masa rahoton kowane maras lafiya. A 1912 ya fitar da mai lamba 914, wanda ya fi sauƙin amfani.

Nasarar ba ta kawo masa kwanciyar hankali ba. Maganin yana da illa, musamman idan ba a haɗa shi daidai ba, wasu kuma sun mutu. Aka zarge shi da cin riba da gwaji a kan mata ba da yardarsu ba, kuma ƙiyayyar Yahudawa ta shiga cikin sukar. A 1914 kotun Frankfurt ta ɗaure wani mai jarida, Karl Wassmann, shekara ɗaya saboda ɓata suna, bayan Ehrlich ya ba da shaida. A wannan shekara ce sabuwar jami'ar Frankfurt ta ba shi cikakkiyar kujerar farfesa, yana da shekara 60. A Oktoba kuma ya sa hannu tare da wasu masana 92 a takardar da ta wanke sojojin Jamus daga ta'asar da suka yi a Beljiyam. Wannan tabo ne, kuma ya fi muni ga mutumin da ya gina sunansa a kan ƙin yarda da abin da ba a auna ba.

Shanyewar jiki ta same shi a ƙarshen 1914, ta sake dawowa a bazarar da ta biyo, ya rasu a Bad Homburg ranar 20 ga Agusta, 1915. An binne shi a maƙabartar Yahudawa ta Frankfurt. Da 'yan Nazi suka hau mulki suka cire sunansa daga titin da cibiyarsa take, matarsa kuma ta yi hijira, ta rasu a Amurka a 1948. Bayan yaƙi aka mayar da sunan, daga baya aka sa hotonsa a takardar kuɗi ta mak 200. Hukumar tarayyar Jamus da ke tantance alluran riga-kafi, wadda take garin Langen kusa da Frankfurt, ita ce magajiyar ƙaramar cibiyar nan ta Steglitz, kuma sunansa take amsawa.